Iskar da Yis Ke Nema Sau Ɗaya Tak

Duk wanda ya shiga koyon haɗa giya a gida, gargaɗin da zai fi ji shi ne na iska. A rufe tulu ruf, a toshe kowace kafa, in za a juye daga wannan mazubi zuwa wancan a bi da tiyo a hankali, kada a bari ko ɗigo ya fantsama. Sai kuma ga shi waɗanda suka yi masa wannan gargaɗi su ne za su ce masa, da zarar ruwan da ya dafa ya huce, ya rungumi tulun ya yi ta jijjiga har kafaɗunsa su yi tsami, ko ma ya nemo tukunyar oksijin ya hura a ciki. In mai koyo ya rikice, ba laifinsa ba ne. Abu ɗaya ne aka ce masa magani da safe, da yamma aka ce masa guba.

Maganganun biyu duk gaskiya ne. Abin da ke warware su shi ne sanin aikin da yis, wato ƙwayar halittar da ke mayar da sukari barasa, ke yi da oksijin ɗin, kuma a nan ne akasarin mutane, har da waɗanda suka daɗe a harkar, suke ba da amsar da ba ita ba.

Mu fara da ruwan kansa. Sha'ir ake jiƙawa har ya tsira, a busar, a ɓarza, a zuba cikin ruwa mai zafin kusan digiri 65 a ma'aunin Salshiyas, a bar shi kamar awa guda har sitacin cikinsa ya koma sukari. Sai a tace, a tafasa ruwan tare da furen hop, wata shuka mai ba giya ɗaci da ƙamshi, na tsawon minti 60 zuwa 90. Wannan ruwa mai zaƙi, wanda zan riƙa kira ruwan tsiro, shi ne abincin yis. Tafasar tana kashe ƙwayoyin cuta, tana fitar da ɗacin hop, amma tana kuma korar duk iskar da ke narke a cikin ruwan. Wanda ya taɓa lura da ƙananan kumfa da ke maƙale a jikin tukunya tun kafin ruwa ya tafasa, to iskar ce ya gani tana ficewa. Saboda haka ruwan tsiro da aka sauke daga wuta kusan babu oksijin a cikinsa, in kuwa ana so ya samu, sai an mayar masa da gangan.

Amsar da aka saba ji ita ce wai yis yana buƙatar iskar ne don ya yi numfashi, ya samu ƙarfi, ya hayayyafa, in iskar ta ƙare sannan ya koma yin barasa. Maganar tana da asali. A 1861 Louis Pasteur, masanin kimiyya na Faransa, ya lura cewa in aka hura wa yis iska yakan yawaita ƙwarai, tsimuwa kuma ta ragu. Sai dai wannan yana faruwa ne inda sukari ya yi ƙaranci. A 1929 wani masani ɗan Ingila, Herbert Crabtree, ya bayyana wata ɗabi'a a ƙwayoyin ciwon daji, daga baya aka gano yis ɗin giya da na burodi ma haka yake: in sukari ya yi yawa a kewayensa, yakan rufe hanyar numfashi ya kama yin barasa ko da iska na nan fal. Ruwan tsiro na matsakaiciyar giya kuwa, kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa narkakken abinci ne, mafi yawansa sukari. Wannan ya wuce iyakar nesa ba kusa ba. Yis da aka zuba a ruwan tsiro ba ya wani numfashin a zo a gani, ko an cika masa tulun da oksijin.

To ina iskar take tafiya? Don kuwa tana ɓacewa, cikin 'yan awoyi kaɗan ba a samun ko burbushinta.

Gini take tafiya. Kowace ƙwayar yis tana lulluɓe da wani tantani siriri, wanda ta cikinsa sukari ke shiga, barasa da iskar kabon dayoksaid ke fita. Tantanin nan da mai aka yi shi, kuma dole ya kasance mai taushi da sauƙin lanƙwasa, ba tare da ya zama mai yoyo ba. Abubuwa biyu ne ke ba shi wannan hali. Na farko wani sinadari ne da ake kira argostirol, ɗan'uwan kolastarol ɗin da ke jikin ɗan'adam, wanda ke riƙe tantanin ya daidaita. Na biyu wani nau'in mai ne da ba ya daskarewa. A kwatanta kitsen da ke sandarewa in ya huce da man zaitun da ke zama ruwa-ruwa. Irin na biyun yis ke so a tantaninsa. Yis yana iya ƙera duka biyun da kansa, amma ba ya iyawa sai da oksijin. Ƙera ƙwaya ɗaya ta argostirol na cin ƙwayoyin oksijin 12, kowace lanƙwasa da za a yi wa sarƙar mai don kada ya daskare kuma tana cin ƙwaya ɗaya. Babu wata ɓarauniyar hanya.

An tabbatar da wannan tun a 1953 da 1954, lokacin da masana biyu a Amurka, Andreasen da Stier, suka raini yis a inda babu iska ko kaɗan. Yis ɗin ya ɗan yawaita ya tsaya cik. Da suka zuba masa argostirol da mai marar daskarewa a cikin abincinsa, sai ya ci gaba da hayayyafa ba tare da iska ba. Ni dai ban san gwajin da ya fi wannan fayyace al'amarin ba: in aka ba yis kayan ginin a haɗe, ba ruwansa da oksijin.

Nan ne wurin da ya cancanci a tsaya. Yis ba ya haihuwa, toho yake yi. Uwar ƙwaya takan fitar da ɗan ƙullutu a gefenta, ya girma, ya ɓalle ya zama ƙwaya mai zaman kanta. Tantanin 'yar daga na uwar ake gina shi, don haka argostirol ɗin da uwar ta tara rabawa ake yi. In 'yar ta yi nata tohon, a sake rabawa. Tunda iskar ta ƙare tun a awoyin farko, babu sabon da ke shigowa. Gado ne ake ta kasawa daga tsara zuwa tsara. Ƙwayar da ta ƙoshi da iska takan tara argostirol har kusan kashi 1 cikin 100 na busasshen nauyinta, in ya sauko zuwa kusan kashi 0.1 sai toho ya tsaya. Rabin ɗaya rabi ne, rabinsa kwata, rabin kwata ya kusa iyakar. Wato toho uku ko makamancin haka ne iyakar abin da cikakken tanadi zai ɗauka. Iskar da aka hura a mintunan farko, ita ke yanke adadin ma'aikatan da za su kasance a tulun bayan kwana biyu, da kuma ƙwarin jikin da za su fuskanci barasar da su da kansu suke samarwa, don barasa tantani take fara cutarwa.

Akwai wani ƙaramin bayani da ke ba ni sha'awa a nan. Ƙarfin da yis ke amfani da shi wajen wannan gini na farko, yawancinsa ba daga sukarin ruwan tsiro yake fitowa ba, daga guzurinsa ne na cikin jiki, wani sitaci da ake kira gilaikojin wanda ya ajiye a ƙarshen tsimuwar da ta gabata. Yis da ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai ɗumi, ya cinye guzurin nan. Irin wannan ko an ba shi iska ba zai amfana da ita yadda ya kamata ba. Shi ya sa oksijin ba ya gyara tsohon yis.

In iska ta yi kaɗan, alamun ba sa ɓuya. Tsimuwa takan yi jinkirin tashi, a wannan jinkirin kuma baƙin ƙwayoyi ke samun damar kafa kansu. In ta tashi sai ta yi ta jan ƙafa, wani lokaci ta tsaya da sauran sukari, giyar ta fito da zaƙi mai nauyi. Sannan ƙamshi ya sauya. Yis yana samar da wasu sinadarai da ake kira esta, ɗaya mai ƙamshin ayaba, wani mai warin maganin goge farce in ya yi yawa. Oksijin da mai marar daskarewa suna danne ƙwayar gadon da ke kula da ƙera su, don haka ƙarancin iska yana nufin yawan esta. Wannan ba kullum aibi ba ne. Giyar alkama ta Bavariya a Jamus da ƙamshin ayabar nan aka san ta, akwai kuma masu rage iska da gangan don su ƙara shi. Sai dai wanda ya rage da sani daban, wanda ya yi sakaci daban. Na biyun ba ya iya maimaita abin da ya samu, ko ya yi daɗi.

Nawa ake buƙata? Adadin da aka fi yarda da shi ga matsakaiciyar giya shi ne miligiram 8 zuwa 10 na oksijin a kowace lita. A nan sai dokar da William Henry ya bayyana a 1803 ta shigo: yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana bin yawan matsin wannan iska a saman ruwan. Oksijin kashi 21 cikin 100 ne kacal na iskar da muke shaƙa. Ruwa zalla mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 a lita in ya ƙoshi da iska, ruwan tsiro kuwa, saboda sukarin da ke cikinsa, bai fi kusan 8 ba. Wannan rufi ne. Ko mutum ya kwana yana jijjiga tulu, ko ya bar famfo yana hura iska har gobe, ba zai wuce shi ba. Ruwa mai sanyi ya fi riƙewa, mai ɗumi ya fi saki, mai kauri da sukari kuma ya fi kowanne ƙin karɓa.

Ga inda abin ya zama ƙaiƙayi: ruwan da ya fi buƙatar iska shi ne ya fi ƙin ta. Masu wannan sana'a suna auna kaurin ruwan tsiro da wani ma'auni mai yawo a ruwa, inda ruwa zalla yake 1.000, matsakaicin ruwan tsiro kusan 1.050, na giya mai ƙarfi kuma 1.080 zuwa sama. Mai kaurin nan yana buƙatar yis mai yawa da tantani mai ƙwari, don sukarin yana matsa wa ƙwayar tun farko, barasar kuma za ta yi yawa a ƙarshe. Amma iskar gari ba za ta iya ba shi ko miligiram 8 ɗin ba. Ga irinsa oksijin zalla ne mafita, domin da shi rufin yana ɗagawa kusan ninki biyar.

Su ma nau'o'in yis ba ɗaya suke ba. A 1974 wani mai bincike a Ingila, Kirsop, ya kasa yis ɗin giya gida huɗu bisa buƙatarsu: akwai wanda rabin abin da iskar gari ke bayarwa ya ishe shi, akwai mai son cikakke, akwai wanda sai an ƙosar da ruwan da oksijin zalla, akwai kuma wanda ko hakan bai ishe shi ba. Duk wanda ya ce maka adadi kaza ne daidai ga kowane yis, ya taƙaita maganar fiye da kima.

Hanyoyin shigar da iskar ba su da wuyar fahimta. Mafi sauƙi a bar ruwan da ya huce ya zubo daga sama yana fantsama cikin tulu. Wannan yana ba da wani abu, amma ba ya kaiwa rufin. Jijjiga ta fi, muddin akwai fili a saman ruwan, kuma gara a riƙa buɗe murfi jefi-jefi sabuwar iska ta shiga, tunda wadda ke ciki tana ƙarewa. Wasu suna amfani da famfon tankin kifi, su haɗa shi da wani ɗan curin ƙarfe mai ƙananan ƙofofi, na maikiron 2 ko 0.5 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda ke farfasa iska ta zama kumfa ƙanana. Ƙanƙantar kumfa ita ke sa ta narke kafin ta kai sama. Wannan hanya sai da matata a jikin tiyon, don iskar ɗaki tana ɗauke da ƙura da ƙwayoyi, kuma takan ɗauki kusan rabin awa tana tara kumfa. Da tukunyar oksijin kuwa, kusan minti ɗaya ya ishi tulu mai lita 20. A buɗe kaɗan-kaɗan. Kumfar da ta fashe a sama asara ce. Oksijin zalla kuma ba abin wasa ba ne, ba a kusantar da shi ga wuta, ba a kuma shafa mai ko giris a bakin tukunyarsa, don yana iya sa su kama da wuta.

Amma kafin mutum ya zaɓi hanya, akwai tambayar da ta riga ta, kuma a ganina ita ce zuciyar al'amarin: daga ina wannan yis ɗin ya fito? Tunda argostirol tanadi ne da ake ɗauke da shi a jiki, abin dubawa shi ne ko ƙwayar ta iso da jakarta cike ko wayam.

Busasshen yis na cikin leda a masana'anta ake rainonsa, cikin manyan tankuna da ake hura wa iska ba ƙaƙƙautawa, ana ɗiga masa sukari kaɗan-kaɗan don kada ya kai iyakar da zai koma yin barasa. A can ne yis ke numfashi na gaske. Yana fitowa cike da argostirol da mai, shi ya sa kamfanonin da ke yin sa, irin su Fermentis da Lallemand, suke cewa ba sai an hura wa matsakaicin ruwan tsiro iska ba a zubin farko. Yis na ruwa da aka saya a kwalba ko leda labarinsa daban, ya yi makonni ko watanni yana jira, ƙwayoyinsa sun ragu, kuma za a nemi ya yi toho da yawa. In aka fara tayar da shi a ɗan ruwan tsiro marar kauri ana motsa shi kwana ɗaya ko biyu yana shan iska, ya rage bashin tun kafin ya shiga tulu. Wanda ya fi kowa yunwa shi ne yis da aka kwaso daga gindin tulun da ya gama tsimuwa don a sake amfani da shi. Wannan ya kasa gadonsa har ya ƙare, ko da asalinsa busasshe ne. In aka zuba shi a sabon ruwa ba iska, sannan aka sake kwasowa aka sake zubawa, kowane zagaye sai ya fi na baya rauni. Yawan yis ɗin da aka zuba ma yana cikin lissafi: in ƙwayoyin suna da yawa tun farko, tohon da ake nema daga kowace ya ragu.

Da yake kayan gini ake nema ba iskar kanta ba, dole wani ya yi tunanin ba yis man kai tsaye. An gwada. A 2005, a masana'antar New Belgium da ke jihar Kolorado a Amurka, an zuba ɗan man zaitun ƙalilan a cikin yis ɗin da ke ajiye maimakon hura wa ruwan tsiro iska. Tsimuwa ta kammala, ko da yake ta ɗan fi ɗaukar lokaci, esta kuma ta ƙaru. Labarin ya yaɗu a tsakanin masu yi a gida, har wasu suka ɗauka an huta da jijjiga. Ni ban ga haka ba. Man zaitun yana ba da rabin buƙatar ne, wato mai marar daskarewa, ba ya ba da argostirol; adadin da ya dace da lita 20 kuma bai kai ɗigo ɗaya ba, in ya wuce ya kashe kumfar giyar. Haka ma gurɓin da ke kwanciya a gindin tukunya bayan tafasa yana ɗauke da ɗan mai daga sha'ir, shi ya sa ruwan da aka tace tas ya fi buƙatar iska a kan wanda ɗan gurɓi ya biyo.

Wuce gona da iri kuwa, da iskar gari ba ya yiwuwa, rufin nan na kare mutum. Da oksijin zalla ne ake zarcewa. Sakamakon shi ne yis ya yawaita fiye da buƙata, sukarin da ya kamata ya zama barasa ya tafi gina ƙwayoyi, ƙamshin esta ya dusashe giyar ta yi lami, wasu lokuta kuma nau'o'in barasa masu zafi a maƙogwaro su ƙaru. Duk da haka, a gida ƙarancin iska ya fi yawanta aukuwa.

Saura maganar lokaci, wadda ita ce ta haifar da ruɗanin tun farko. Ƙofar iska tana buɗe ne tsakanin abubuwa biyu: bayan ruwan ya huce, kafin tsimuwa ta kankama. Ba a hura wa ruwa mai zafi iska. Ba ya riƙe ta sosai, ɗan abin da ya shiga kuma, maimakon ya jira yis, sai ya haɗu da sinadaran ruwan nan take saboda zafi yana gaggauta irin wannan haɗuwa, launi ya yi duhu, a shuka ɗanɗanon tsufa tun giyar ba ta samu ba. A bari ya sauko zuwa zafin da za a zuba yis, kusan digiri 18 zuwa 20 ga yawancin yis masu aiki a ɗumi, kusan 10 ga masu aiki a sanyi. Kuma a zuba yis ɗin nan da nan, ko dab da hurawa ko dab da gamawa, don shi ne mai kwashe iskar kafin ta yi ɓarna.

Bayan tsimuwa ta yi nisa, yis ya daina gini, ya fara kwanciya, babu mai kwashe iskar da sauri, a tulun kuma yanzu akwai abubuwan da za ta lalata. Tana mayar da barasa wani sinadari mai warin ɗanyen tuffa. Tana taimaka wa wani sinadarin ya rikiɗe ya ba da ɗanɗanon man shanu. Tana kashe ƙamshin hop cikin kwanaki, tana sa launi ya yi duhu, a hankali kuma ta kawo warin jiƙaƙƙen kwali da aka san tsohuwar giya da shi. Ƙwayoyin da ke mayar da barasa ruwan tsami su ma sai da iska suke aiki. Manyan masana'antu suna ƙoƙarin ganin oksijin da ke cikin giyar da aka gama bai wuce miligiram 0.05 a lita ba. A kwatanta da miligiram 8 zuwa 10 da aka hura da gangan makonni kaɗan kafin nan: kusan ninki 200.

Wuri ɗaya ne aka yi sassauci. Ga ruwan tsiro mai kauri sosai, ana iya ƙara hura iska karo na biyu bayan awa 12 zuwa 18 da zuba yis, lokacin da ƙwayoyin suka yi tohon farko, tanadinsu ya ragu, amma suna kan gini kuma barasa ba ta taru ba. Daga nan, da zarar kumfa mai kauri ta rufe saman ruwan, kabon dayoksaid ya fara fita ta bututun murfi ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗauke curin ƙarfen a wanke a ajiye, a bar tulun a rufe har ranar juyewa.